Furotin ɗin da Na Wanke Har Ya Mutu

Kafin in kai ƙasar Suwidin na ɗauka babu sauran baƙuntar da za ta girgiza ni. Ina saurayi na bi motocin albasa daga Aliero zuwa Kumasi da Abijan, a can na tsinci Faransanci da ɗan yaren Asante na ciniki. Na yi karatun aikin ɗakin gwaji a Kartum, na kuma yi shekara tara ina auna jini a wani asibiti a Jidda, Larabci ya zauna a bakina. Fulatanci kuwa wurin mahaifiyata na samo shi, 'yar Kuberi ce. In aka haɗa da Hausa da Turanci, harsuna shida ke nan. Amma ranar da jirgin ƙasa ya sauke ni a wani garin jami'a can arewacin ƙasar, ina da shekara hamsin da bakwai, na tsaya gaban allon tasha ban gane ko kalma ɗaya ba.

Albasa ce ta kai ni. Duk wanda ya tashi a garinmu Danwarai ya san yadda ake tone ta a jera ta a rudun kara, ana jiran kasuwa ta yi kyau, ya kuma san yadda baƙar funfuna ke bin ta in damina ta kusa. Maganin feshi ya rage ci. Masana sun ce dalili shi ne funfunar tana da wani furotin a jikin fatarta da ke aiki kamar famfo, magani na shiga yana fitar da shi. Sashen da nake aiki a jami'armu ya yi yarjejeniya da wata malama ta can da ke binciken irin waɗannan furotin, Farfesa Annika, cewa za a tura mata mutum ɗaya wata tara ya koyi yadda ake ciro famfon nan da ransa, ya kawo hanyar gida. Akwai matasan daktoci da suka sa rai. Aka ba ni, saboda shekara talatin hannuna na cikin kwalabe. Na ji abin da aka faɗa a bayana, wai an tura tsoho shan iska kafin ritaya. Takardar Farfesa kuma ba ta ɓoye komai ba: a ƙarshen wata na shida za a duba aikin, in furotin bai yi motsi ba, za ta ba wani daga cikin mutanenta aikin, ni in koma gida.

Zangona na farko ɗaki ne da babu shi. Wani ɗan Afirka ta Yamma da na samu ta waya, mai kira na kawu, ya turo mini hoton ɗaki har da labule, na kuma aika masa abin da ya nema. Da na isa adireshin sai na tarar da shagon gyaran keke. Mai shagon ya duba takardar, ya girgiza kai, ya ce ni ne na uku a wannan kakar. A Abijan an taɓa sayar mini da buhun da rabinsa ɓawo ne, amma a can na san ƙofar da zan buga. Nan ban san kowa ba. Na shiga bas don kawai in zauna wuri mai ɗumi. Direban Basomale ne. Ya ga hulata, ya yi mini sallama, na amsa da Larabci, na gaya masa abin da ya faru. Da ya ƙare zagayensa ya kai ni wani masallaci da ke ƙarƙashin bene. Kwana tara na yi a ɗakin da suke ajiye darduma kafin jami'a ta samo mini wuri. Ban sake ganin direban ba, ko sunansa ban tambaya ba, abin yana damuna har yau.

Ranar farko a wurin aiki na nemi ofishin Farfesa, aka nuna mini wata mace doguwa mai furfura tana wanke kofinta a famfo. A Jidda shugaban sashenmu ba ya buɗe wa kansa ƙofa. Yaran da ba su kai 'yata ta fari ba suna kira na Garba, gatsau, babu malam babu baba. Mako biyu ina jin abin kamar mari, sai na lura ita ma Annika suke ce mata, tana amsawa.

Ita ta zaunar da ni ta yi mini bayanin aikin a kan allo. Ta ce kowace ƙwayar halitta, ta mutum ko ta albasa ko ta funfuna, tana kewaye da tantani siriri, kuma tantanin nan na maiƙo ne. A cikinsa furotin iri-iri suke zaune, wasu ƙofofi ne, wasu famfo. An daɗe ana ɗaukar maiƙon a matsayin bango kawai, furotin su ne masu aiki. Ita rayuwarta duka ta tafi a kan nuna cewa ba haka ba ne: maiƙon ba iri ɗaya ba ne, wani yana manne wa furotin a wani lungu na jikinsa, yana riƙe shi, yana sa shi buɗewa ko rufewa. Aikina shi ne in noma yis, irin wanda ke kumbura burodi, da aka sa wa famfon funfunar, in fasa ƙwayoyin, in narkar da tantanin da wani farin garin sabulu na musamman, in kama furotin a bututun tacewa, in wanke shi, in sauko da shi. Daga nan sai gwaji. Ana ɗiga masa wani ruwa mai launin ɗorawa. In famfon na aiki, ruwan ya koma kore. In ya mutu, ya tsaya yadda yake.

Duk wannan a ɗakin sanyi ake yinsa, ɗaki kamar firji wanda mutum ke shiga ya rufe. Ni da na yi aiki a zafin Jidda, sai ga ni da riga uku da safar hannu, hanci na zuba. Waje ma ba sauƙi. Da hunturu ya shiga, azahar da la'asar da magariba suka matso juna har ba na ƙare wanki ɗaya tsakanin salla da salla.

Furotin na farko da na fitar, Farfesa ta ɗaga hoton gwajin tsabta ta nuna wa kowa. Layi ɗaya tal, babu datti sama babu ƙasa. Ta ce ba ta taɓa ganin baƙo ya yi haka a karon farko ba. Na koma wurina ina jin kaina. Da aka ɗiga ruwan gwaji, ya tsaya ɗorawa.

Na sake, ya tsaya ɗorawa. Na canja yis, na canja ruwa, na rage lokaci. Wata biyu, wata uku. Kowane zagaye kwana goma yake ci. Kullum tsabtar na ƙaruwa, kullum furotin a mace.

Duk Juma'a bayan masallaci nakan kira taubashina Alhaji Ummaru, manomin albasa a Danwarai, don in ji Hausa a kunnena. Shi kuwa abin nema ya samu.

"Garba, har yau wankin nan kaka yi? Wata huɗu kana wankin abin da ido bai gani! Ko matan gidanmu sun hi ka sauri."

Na ce masa aikin ilimi ne, ba na masu garma ba.

"Awo, mun ji. To gaya ma Farfesa ganyen albasata ya hwara kwanciya, ba ta jiran kowa. In abin ya gagara ka dawo, akwai kwanon awo na aje maka."

Ina dariya muna waya, in na kashe sai in zauna bakin gado. Ba sanyi ya fi ci mini rai ba. Tunanin ranar da zan shiga sashenmu hannu wofi, in wuce gaban waɗanda aka hana saboda ni, shi ne ke hana ni cin abinci.

Abin da ya fi ba ni mamaki a wurin nan taron ranar Litinin ne. Kowa ya zauna da kofinsa, ya faɗi abin da ya lalace masa a makon. Ba abin da ya yi kyau ba, abin da ya lalace. Na yi aiki a ƙasa uku, ko'ina ɓarna a aljihu ake sa ta. Nan yarinya za ta ce ta manta kwalba a waje ta kwana, a tambaye ta abin da ta gani da safe, a rubuta. Ni ma ina faɗin nawa: na bi takardar matakan aiki da Farfesa ta rubuta mini, furotin bai motsa ba. A raina gaskiya nake faɗi.

Akwai wata dattijuwa mai kula da ɗakin awo da kayan aiki, Kirista ce 'yar Bagadaza, ta girme ni da kaɗan. Tun da ta ji Larabcina muka saba. Ina ce mata Ummu Yusif, tana ce mini Hajji, ita kaɗai ce a ginin ba ta kiran sunana gatsau. Takan kawo mini dabino da wani burodi mai riɗi. Ana saura kwana ashirin a duba aikina, da hantsi, ta tare ni a hanya ta ce kwalbar sabulun da ta buɗe mini ta kusa ƙarewa, alhali irinta tana kai wa mutum shekara. Ba ta ce na yi komai ba. Ta ce in zo in auna a gabanta, tana so ta ga ko sikelin ne.

Na ɗauki cokali na zuba har lambar da takarda ta ce ta fito. Sannan na ƙara kamar wancan.

"Hajji, nawa takarda ta ce?"

Na faɗa mata.

"Nawa ke kan sikeli?"

Na duba. Na ce ai wannan gyaran hannu ne, kowa ya san ba a bin lambar kwalba.

Sai ta zauna a kujera tana dariya har da hawaye, ba dariyar raini ba. Ta ce ita ma haka ta yi a shekararta ta farko. A Bagadaza, zamanin takunkumi, duk abin da ya iso hannunsu ya tsufa ko an cakuɗa shi, in takarda ta ce ɗaya sai su sa biyu. Ban bari ta ƙarasa ba na gane. Haka muke yi a gida. Kayan gwaji kan yi watanni a tashar jirgin ruwa, su bi mota cikin rana har Kebbi, su zauna a firjin da wutarsa ke zuwa tana tafiya. Wanda ya koya mini aiki ya ce duk abin da aka rubuta a kwalba rabinsa ya rage, kuma wankin da aka ce sau ɗaya a yi uku, don ruwanmu ba abin yarda ba ne. Wanda bai yi haka ba sakamakonsa ƙarya ne. A littafin aiki kuma abin da takarda ta ce shi ake rubutawa, don shi masu duba aiki ke nema. Shekara talatin wannan dabarar tana fitar da ni kunya. Na zo ƙasar da abin da ke kwalba shi ne a ciki, na ninka sabulu mai cikakken ƙarfi, na yi wanki uku. Da na ga furotin bai motsa ba sai na ce datti ne ya rage, na ƙara sabulu. Maiƙon da Farfesa ta ce shi ke riƙe famfon, shi nake wankewa tas, ina murna da tsabta.

Na roƙe ta ta bar maganar tsakaninmu, in gyara a zagaye na gaba, kowa ya ga kore a wuce wurin.

"Ni ba zan gaya mata ba," in ji ta. "Amma ranar Litinin ina wurin taron, kuma kai zan riƙa kallo."

Kwana uku na yi ina juya abin. In na yi shiru, wataƙila in tsira da wurina. In na faɗa, na ba Farfesa dalilin sallamata da bakina. Ranar Litinin da layi ya zo kaina na miƙe tsaye, ko da yake a zaune kowa ke magana. Na faɗi komai, da ninkin da wankin da dalilinsu.

Farfesa ta buɗe littafina da ke gabanta, ta juya shafuka, ta ce a ina aka rubuta. Na ce ba a rubuta ba. Na ga wuyanta ya yi ja.

"Ninkawar ba ta dame ni ba, Garba. Kana da dalili, kuma dalilin mai kyau ne a inda ka koye shi. Amma wata biyar ina karanta littafin nan ina neman kuskurena. Asabar huɗu na shigo na maimaita aikin da hannuna, nawa ya yi kore, na ce to takardar da na rubuta maka ce ba ta fita ba."

Wannan ya fi zagi zafi. Ashe duk watannin nan ba ta zarge ni ba, kanta take tuhuma. Na yi aiki ƙarƙashin shugabanni da yawa, Larabawa da Turawa da namu, ban taɓa ganin wanda aiki ya lalace ya fara da binciken kansa ba.

Sai ta tambaya ko na zubar da matattun furotin ɗin. Na ce ban zubar ba. Mutumin da ya saba jiran kwalba ɗaya shekara ba ya zubar da komai. Suna cikin wani kwali a ƙasan firiza, kuma a murfin kowace kwalba na rubuta wa kaina da ajami yawan sabulun da na sa, don kada in rikice. Aka ɗauko kwalin nan take. Ummu Yusif ta ɗaga ɗaya, ta ce haruffan nata ne amma ba ta san abin da suke cewa ba. Na zauna ina karantawa ana rubutawa: ninki biyu wanki uku, ninki biyu da rabi, ninki uku. Ƙanƙara ta goge rubutun wasu, waɗannan sun tafi a banza. Farfesa ta sa na kwafe sauran a littafin da biro, a gefen kowane shafi, da ranar da na yi gyaran, na sa hannu.

Akwai wata na'ura a ƙasan ginin da ke auna nauyin furotin tare da duk abin da ke manne da shi. Aka kai mata kwalaben. Sakamakon ya fito kamar matakala. Inda sabulu ya yi kaɗan, maiƙo iri-iri na jikin furotin. Yana ƙaruwa suna zubewa. Akwai iri ɗaya, wanda funfuna da yis ke yi, mutum da albasa ba su da irinsa, shi ne ya fi naci, shi ne na ƙarshen saki. Farfesa ta ce an yi zaton haka, amma ba wanda zai ɓata wata biyar da gangan don ya gani. Ta faɗi wannan ba tare da murmushi ba.

Ranar duba aiki ba ta ɗaga ba. Na yi zagaye ɗaya da lambar takarda, ina riƙe hannuna na dama da na hagu a gaban sikeli don kada in ƙara. Ruwan ya sauya, amma kaɗan, kore mai hasken ganyen da bai sha taki ba. Farfesa ta ɗaga shi a taga ta ce wannan bai isa ta gaskata ba. Hukuncinta ya zo biyu. Binciken maiƙon nan da na'urar, wanda shi ne zai fito da suna, ta ba wata ɗalibarta. Ni ta bar mini cirowa da gwaji, da sharaɗin in samu kore sau uku a jere. Na ji zafin rabin da aka ɗauke, amma ban ga inda ta zalunce ni ba.

Na samu ukun, na uku kore shar. Amma ranar da ba na mantawa ita ce wadda ta ce in ɗauko ɗaya daga cikin matattuna, in mayar masa da maiƙon nan, in bar shi ya ɗan zauna, in gwada. Furotin da ya yi wata uku a ƙanƙara, wanda na riga na yi wa ta'aziyya. Na ɗiga ruwan, na tsaya. A hankali ɗorawa ta fara juyawa. Bai kai na lafiyayye ba, amma ya farfaɗo. Abin da dubunsa ba su cika bakin allura ba, ashe an ƙaddara masa abokin zama, in babu shi ba ya iya ko motsi. Na yi tasbihi a fili. Ummu Yusif da ke bayana ta yi nata da Larabcinta, kalmomin kusan ɗaya ne da nawa.

Na dawo gida damina ta sauka. Alhaji Ummaru ya zo tarona har Jega, tun kafin in sauke jaka ya ce ina maganin, albasarsa ta fara wari a rudu. Na ce ban kawo magani ba, hanyar da za a bi a gane inda za a kama funfunar na kawo, magani kuwa sai nan gaba, wataƙila ba a hannuna ba. Ya ce wata tara na yi na koyo rage sabulu, da na tambayi uwargidansa da ta gaya mini kyauta.

A sashenmu aka haɗa ni da Dakta Nasiru, ɗan Jega Sabon Gari, ɗaya daga cikin waɗanda suka so tafiyar. Ban ɓoye masa komai ba, na ba shi littafin ya karanta har da gyare-gyaren gefen shafi. Muka noma yis, muka fasa, muka buɗe kwalbar sabulun da sashe ya yi oda tun ina can. Garin ya sha laima ya dunƙule. Muka auna daidai lambar takarda, muka bi komai yadda aka rubuta. Furotin bai ko fito daga tantanin ba.

Ya dubi kwalbar, ya dube ni.

"To Baba, yanzu mi za mu yi? Mu ninka?"

"Ninka," na ce. "Amma kafin ka taɓa sikelin nan, ɗauko biro."

Na tsaya a kansa har ya rubuta yawan da zai sa, da ranar, da halin da ya tarar da kwalbar. Sannan na matsa na ba shi wuri.